Ra'ayinmu: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Kwamfutar Jami'a?

Ran 13 ga watan Disamba, 2023, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yanke shawarar fitar da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilmi na Gwamnatin Tarayya daga tsarin nan na biyan albashi na bai-ɗaya da ake kira IPPIS. Ministan Ilmi na wancan lokaci, Farfesa Tahir Mamman, shi ne ya bayyana wa manema labarai shawarar, malaman jami'a kuma suka karɓe ta da farin ciki, domin abin da suka yi shekara huɗu suna nema ke nan. An ɗauki kusan shekara guda kafin a aiwatar da ita. Daga bisani aka koma sakin kuɗin albashin ta wani tsarin na ofishin Babban Akanta na Tarayya, watau GIFMIS, ya zamana jami'a ce da kanta ke shirya jerin sunayen ma'aikatanta da abin da kowa zai karɓa. Mutane da yawa sun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Mu kam a ganinmu yanzu ta fara, domin rigimar ta bar wata tambaya da ba a amsa ba: in an karɓo mabuɗin kwamfuta daga Abuja an kawo shi harabar jami'a, a hannun wa za a danƙa shi, kuma wa zai riƙa tambayar wanda aka danƙa wa?

Yana da kyau mu tuna wa masu karatu yadda abin ya faro. A shekarar 2007 aka soma gwada tsarin IPPIS a 'yan ma'aikatu kaɗan, da taimakon Bankin Duniya, da nufin a tattara sunan kowane ma'aikacin Gwamnatin Tarayya a rumbu guda, da hotonsa da zanen yatsunsa da lambar asusunsa na banki, don a toshe kafar ma'aikatan bogi, watau sunayen da ke karɓar albashi alhali babu masu su. A watan Oktoba na 2019, sa'ad da yake gabatar da kasafin kuɗin 2020 gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni cewa duk ma'aikacin da bai shiga tsarin ba zuwa ƙarshen watan a tsayar da albashinsa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ce faufau.

Kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma babu wanda tasa ta zama wofi. Gwamnati ta ce ita ke biyan kuɗin, saboda haka tana da haƙƙin sanin wanda take biya; ta kuma yi zargin ana ɗaukar ma'aikata ta bayan gida, ana karɓar albashi a wurare fiye da yadda ƙa'ida ta yarda. Malamai kuwa suka ce an ɗinka rigar ne daidai jikin ma'aikacin sakatariya, wanda ke shiga ofis da safe ya tashi da la'asar, ya yi ritaya yana ɗan shekara 60 ko bayan aikin shekara 35. Jami'a ba haka take tafiya ba. Farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya. Malami kan tafi wata jami'a ya yi hutun bincike na shekara guda. Akan ɗauko gwani daga waje ya koyar na ɗan lokaci, ko ya zo ya duba takardun jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Manhajar da ba ta san da waɗannan ba sai ta riƙa ganinsu tamkar kuskure ko maguɗi. Babbar hujjarsu kuma ita ce dokar 2003 da ta ba Majalisar Gudanarwa ta kowace jami'a ikon tafiyar da harkokin ma'aikatanta da kuɗinta. In har Shugaban Jami'a ba zai iya ɗaukar malami ɗaya ba sai wani ofis a Abuja ya buɗe masa kafa a kwamfuta, to, ikon nan ya zama na takarda kawai.

Malaman ba su tsaya ga ƙin yarda ba, sai suka ƙirƙiro tasu manhajar mai suna UTAS, aka miƙa wa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta gwada. Hukumar ta ce manhajar ba ta cika sharuɗɗa ba, ASUU ta musanta, ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba su ma suka fito da tasu. Ana cikin wannan ja-in-ja aka yi yajin aiki daga watan Maris zuwa 23 ga Disamba, 2020, aka sake wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022. Ba IPPIS kaɗai ne dalili ba; akwai yarjejeniyar 2009, da kuɗin farfaɗo da jami'o'i, da bashin alawus, annobar korona ma ta rufe makarantu a 2020. Amma maganar manhajar albashi tana sahun gaba na buƙatun a duka lokutan biyu. In aka haɗa, kimanin wata 17 ke nan ɗalibai na zaune a gida cikin shekara uku. Wanda ya shiga jami'a a 2019 da niyyar karatun shekara huɗu ya san abin da wannan lissafi ke nufi, haka nan mahaifinsa da ya biya kuɗin hayar ɗaki na shekarar da ba a yi karatu ba.

Abin lura a nan shi ne, manyan malamai da manyan jami'an gwamnati duk sun gane wani abu da har yanzu bai shiga tsarin mulkin jami'o'inmu sosai ba, watau cewa mai iko da manhaja shi ne mai iko da hukuma. Duk wanda zai iya sa suna ko cire suna a rumbun albashi, shi ne mai ɗauka da kora a zahiri, ko me doka ta ce. To, in haka abin yake a kan albashin malami, haka yake a kan makin ɗalibi, da sunan wanda aka ba gurbin karatu, da rasiɗin kuɗin makaranta, da takardar shaidar digiri. Waɗannan duka yau cikin kwamfuta suke, amma ba mu ga an tayar da ko rabin waccan ƙurar a kan wanda ke riƙe da su ba.

A da, matsayin kwamfuta a jami'a daban ne. A 1963 kamfanin IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan, wadda daga baya ta zama cibiyar kwamfuta ta jami'ar. A Zariya kuwa, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, shehun malamin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A wancan zamani inji ne ƙato guda a ɗaki mai sanyi; ɗalibi ya kawo tarin katunan da ya huhhuda ya miƙa, ya dawo gobe ko jibi ya karɓi amsa a doguwar takarda. Aikin cibiya shi ne lissafin masu bincike da koyar da ɗaliban kimiyya. In injin ya lalace mako guda, 'yan malamai kaɗan ne za su damu, domin Magatakarda na nan da fayil-fayilinsa, Ma'aji da litattafansa, darasi kuma na ci gaba. Bisa wannan hali aka ɗauki cibiyar kwamfuta a matsayin sashen hidima, ajinsu ɗaya da sashen ruwa da lantarki da garejin motoci, kuma a wurare da dama a nan ta tsaya ko da yake aikinta ya sauya ƙwarai.

Mu bi ɗalibin yau mu gani. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Tun 2017 ta tsarin CAPS na hukumar ake ba da gurbi: jami'a ta shigar da suna, hukuma ta amince, ɗalibi ya karɓa. Kuɗin makaranta a jami'o'in Tarayya ta Remita aka riƙa tura shi zuwa asusun bai-ɗaya na gwamnati bayan umurnin 2015. Rajistar darussa, da neman gadon kwana, da duba sakamako, duk a shafin jami'a na intanet ake yi. Da aka buɗe neman rancen karatu na NELFUND a watan Mayu na 2024, sharaɗin shi ne makaranta ta riga ta tura bayanan ɗalibanta, har sai da aka jinkirta buɗe wa ɗaliban makarantun jihohi ƙofa saboda da yawa ba su tura ba. A ƙarshe kuma ba za a kira mutum bautar ƙasa ba sai jami'a ta ɗora sunansa cikin jerin waɗanda Majalisar Dattawan Jami'a, watau majalisar malamai mai kula da harkokin karatu, ta amince sun gama. A kowane mataki, harafi ɗaya da ya kauce a suna, ko lamba ɗaya a ranar haihuwa, na iya cinye wa yaro shekara.

Duk da haka, in mutum ya buɗe dokokin da ke tafiyar da jami'o'in Tarayya, manyan jami'an da zai tarar su ne Shugaba da mataimakansa, da Magatakarda, da Ma'aji, da Shugaban Ɗakin Karatu. An faɗi yadda ake naɗa kowa, da tsawon wa'adinsa, da wanda zai ba bayani. Daraktan sashen kwamfuta ba ya cikinsu. Galibi Shugaban Jami'a ne ke naɗa shi, gare shi yake kai rahoto, in sabon shugaba ya zo kuma yana iya zuwa da nasa. Kada a yi mana mummunar fahimta. Da yawan masu riƙe da wannan muƙami ƙwararru ne masu amana, da ke kwana a ofis lokacin rajista da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Abin da muke cewa shi ne, an tara wa ofis guda rumbun Magatakarda da na Ma'aji da na Majalisar Dattawa gaba ɗaya, ba tare da an ɗaura masa irin takunkumin da doka ta ɗaura wa waɗancan ba. Wannan bai yi wa jami'a kyau ba. Shi kansa daraktan ma bai yi masa kyau ba, domin ranar da aka matsa masa daga sama ya yi abin da bai dace ba, ba shi da ƙa'idar da zai fake da ita.

Ɗauki maganar sakamakon jarrabawa. Tsofaffin ma'aikata za su tuna babbar takardar nan ta maki da ake shimfiɗawa a kan tebur: malami ya sa hannu, shugaban sashe ya sa, shugaban tsangaya ya sa, mai jarrabawa na waje ya sa, sa'an nan Majalisar Dattawa ta zauna ta amince. Wanda ya kankare lamba sai an ga tabon. Yanzu ma ana bin waɗannan matakai, amma abin da ke fitowa a takardar ɗalibi bayan shekara uku shi ne abin da ke cikin rumbun kwamfuta, kuma a can 39 na iya zama 69 ba tabo ba alama. Maganin wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada. Kowace manhaja ta kirki tana iya ajiye tarihin duk wani canji: wa ya shiga, a wace rana da wane lokaci, me ya tarar, me ya mayar da shi. Sai dai tarihin ba ya amfani in wanda ke iya canza maki shi ne kuma ke iya goge tarihin, ko in mutum biyar na shiga da kalmar sirri ɗaya, ko in babu wanda aka ɗora wa aikin karanta shi. Ma'aikacin baitulmali ya san wannan ƙa'ida tun ranar da ya kama aiki: mai rubuta bauca daban, mai amincewa da ita daban, mai biya daban. Ita ce dai ake bukata a ɗakin kwamfuta.

Sai maganar 'yan kwangila, wadda a ganinmu ta fi kowace haɗari. Jami'o'i da dama ba su ne suka rubuta manhajar shafinsu na rajista ba. Kamfani ne ya kawo, wani lokaci ma ba a biyansa daga aljihun jami'a, sai dai a yanka masa wani abu daga kuɗin da kowane ɗalibi ke biya a shekara. Ba laifi ba ne a yi hayar gwaninta. Amma kafin a sa hannu akwai tambayoyin da ya wajaba Majalisar Gudanarwa ta ji amsarsu da kunnenta. A ina bayanan suke ajiye, a harabar jami'a ko a wata ƙasa? Na wa ne? In aka ɓata da kamfanin, ko ya karye, ko wa'adi ya cika, cikin kwana nawa zai miƙa su, kuma a siffar da wata manhaja za ta iya karantawa? Jami'ar da ba ta da amsa a rubuce ta jinginar da tarihin ɗalibanta ke nan, kuma ranar da aka zo sabunta kwangila ba ta da bakin yin ciniki. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta shimfiɗa yadda ake tallar kwangila da zaɓen mai yi, akwai kuma ƙa'idar cewa hukumomin Tarayya su nemi amincewar NITDA kafin su shiga ayyukan kwamfuta. Waɗannan duka a kan ranar saye suka fi ƙarfi. Abin da zai faru a shekara ta biyar kuwa yana cikin ƙananan layukan takardar kwangila, waɗanda ba kowa ke karantawa ba.

Kada a ɗauka sakaci da ɗakin kwamfuta ciwo ne na masu ƙaramin ƙarfi kaɗai. Akwai wani misali daga ƙasar Holan da ya kamata kowane wakili a Majalisar Gudanarwa ya sani. A tsakiyar watan Oktoba na 2019 wasu ɓarayin intanet suka aika wasiƙun imel na yaudara ga mutanen Jami'ar Maastricht, aka buɗe su a kan kwamfuta biyu. Ta nan suka shiga, suka yi sama da wata biyu suna yawo cikin hanyoyin sadarwar jami'ar, har suka sami wata babbar kwamfuta da ba a sabunta kariyarta ba, ta cikinta suka mallaki ikon komai. Ran 23 ga Disamba, mutane sun watse hutun Kirsimeti, suka kulle manyan kwamfutoci 267, har da wasu daga cikin kwafin ajiya, domin su ma a haɗe suke da layin. Imel ya tsaya, hidimar ɗakin karatu ta tsaya, ga jarrabawa da biyan albashi na tafe. Hukumar jami'ar ta auna, ta biya fansar Bitcoin 30, kimanin Yuro 200,000 a lokacin, aka ba ta mabuɗin.

Ana iya saɓani a kan biyan fansar, mu ma ba mu goyon bayan a saba wa ɓarawo da ciniki. Abin koyi shi ne abin da ya biyo baya. Ran 5 ga Fabrairu, 2020, mako shida kacal bayan harin, jami'ar ta kira taro a bainar jama'a, shugabanninta suka tsaya suka faɗi nawa aka biya da dalilin biya. Aka kuma buga rahoton kamfanin Fox-IT da ya yi binciken, da kurakuran jami'ar a ciki: gargaɗin da manhajar tsaro ta yi ba a bi shi ba, kwamfutocin da ba a sabunta ba, hanyoyin sadarwar da ba a gindaya shinge tsakaninsu ba, kwafin ajiyar da ba a raba da layi ba. Shawarar biya ta fito ne daga hukumar gudanarwa, ita ce kuma ta ɗauki nauyinta, ba a nemi wani ƙaramin injiniya aka ɗora masa jakar tsaba ba. Sauran jami'o'i suka sami abin karantawa su gyara nasu gidan. A 2022 aka sanar cewa 'yan sanda sun ƙwato wani ɓangare na kuɗin, wanda saboda tashin darajar Bitcoin ya kai kimanin Yuro 500,000, jami'ar ta ce za ta sa shi a asusun taimakon ɗalibai mabukata. Wannan kam sa'a ce, ba kowa ke samunta ba.

A gida ma an ga irin wannan fitowa fili, ko da yake ba a jami'a ba. Bayan fitowar sakamakon jarrabawar JAMB ta 2025 koke ya yi yawa daga iyaye da ɗalibai. Ran 14 ga Mayu Magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa an sami kuskure wajen sabunta manhaja a kan wasu manyan kwamfutoci, wanda ya ɓata sakamakon masu jarrabawa 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawa. Kuskuren babba ne, kuma an gaggauta sake jarrabawar fiye da kima, wasu kwana biyu kawai suka samu na shiri. Amma an gano shi ne domin akwai bayanan da za a koma a bincika, an gayyato mutanen waje sun duba, shugaba kuma ya yarda ya faɗa. Abin tambaya shi ne, in irin haka ta faru da makin ɗalibai ɗari huɗu a wata tsangaya, akwai hanyar da za a gano? Akwai wanda aikinsa ne ya faɗa? Ko sai dai a ce wa yaro ya yi haƙuri ya sake darasin?

Yanzu kuma maganar ta wuce ta ganin dama. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da ita cikin sa'a 72 in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ta ba mutum haƙƙin ya ga abin da aka ajiye a kansa, ya nemi a gyara in ba daidai ba ne. Jami'a na riƙe da lambar shaidar ɗan ƙasa ta ɗalibi, da adireshin iyayensa, da bayanin lafiyarsa daga asibitin makaranta, da hotunan dubban 'yan mata da lambobin wayarsu. Sa'a 72 kwana uku ne. Jami'ar da ba ta tsara tun yau wanda zai gano kutse, da wanda zai kai wa labari, da wanda zai sa hannu a takardar sanarwa ba, ba za ta iya tsara shi a daren da abin ya faru ba.

Za a ce mana babu kuɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Kwamfuta na cin lantarki dare da rana, ga kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi tun watan Afrilu na 2024. Ƙwararren matashin da jami'a ta horar kuwa, banki ko kamfanin waje na iya ninka masa albashi yana zaune a ɗakinsa. Amma kuɗin saye ba shi ne ya fi wuyar samu ba. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar da ta haɗa jami'o'in Tarayya 27 da kuɗin wani shirin Bankin Duniya. Da kuɗin shirin ya ƙare, biyan kuɗin layin ya zama jidali. Gini da sababbin kaya ba su rasa ubangida, domin akwai bikin buɗewa da ɗaukar hoto. Batirin da za a canza bayan shekara uku, da lasisin manhaja na kowace shekara, da man janareta, da horar da ma'aikaci, su ne marayu. Kasafin kuɗi kuwa aikin Majalisar Gudanarwa ne, kuma majalisar da ta amince a sayi kaya ba ta tambayi kuɗin riƙe su na shekara biyar ba, ita ta yanke musu ranar mutuwa.

Saboda haka muna kira ga Majalisun Gudanarwa na jami'o'inmu, na Tarayya da na jihohi, da su kafa ƙa'ida a rubuce, ba ƙarin kwamitin shan shayi da karɓar alawus ba. A tallata muƙamin darakta a yi masa ganawa kamar yadda ake yi wa Ma'aji, a yanka masa wa'adi, a ba shi kujera a Majalisar Dattawa, ya riƙa kawo rahoto gaban Majalisar Gudanarwa da bakinsa aƙalla sau biyu a shekara. A ba masu binciken kuɗi na cikin gida ikon karanta tarihin canje-canje ba tare da neman izinin kowa ba. A ajiye kwafin bayanai a wani gini daban, a rabe da layi, kowane zango a gwada mayar da shi a gani ko yana aiki, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai. Ƙa'idar ta kuma faɗi wanda ke da ikon buɗe imel ɗin malami ko toshe wa ɗalibi shafinsa, da sharaɗin yin haka, don kada ɗakin kwamfuta ya zama bulalar hukunta masu sukar hukuma. Ɗalibi shi ma a faɗa masa haƙƙinsa a fili: in shafin rajista ya tsaya kwana uku a ƙara kwana uku a wa'adi, kada a ci shi tarar makara a kan laifin da ba nasa ba. Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, da ke zuwa ƙirga kujeru da litattafai lokacin tantance darussa, ba abin da zai hana ta neman ganin wannan ƙa'ida da shaidar ana bin ta.

Tun da albashi ne ya tayar da maganar, a fara da shi. ASUU da sauran ƙungiyoyin ma'aikata sun yi gwagwarmaya da sunan 'yancin jami'a, sun kuma yi alkawarin cewa jami'a za ta iya tsare gaskiya a gidanta. Su ya kamata su fara neman a nuna. Kowane wata a kwatanta jerin sunayen da Ma'aji ya tura don biya da jerin ma'aikata na ofishin Magatakarda da na shugabannin sassa, duk sunan da aka ƙara ko aka cire a rubuta wanda ya ƙara da takardar da ya dogara da ita, a ajiye rahoton gaban Majalisar Gudanarwa a zamanta na gaba, a kuma aika wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya kwafi.